Tukwanen Ba Modu

Yagana, ke kika jawo wannan babi, ko da yake ba ki sani ba. Ranar da kika zo shago da kwamfutarki kika ce kowace sana'a ta zamani tana da manufarta a rubuce, da inda take so ta kai nan da shekara goma, kika ce in faɗa ki buga, na ce miki zan yi tunani. An yi wata huɗu ina tunanin. Na san ke da ɗan'uwanki Abba kun ɗauka halina ne na kullum, wanda ko takalmi zan saya sai na je kasuwa sau uku. Akwai wannan a ciki, ba zan musa ba. Amma babban dalilin shi ne na taɓa rubuta irin wannan takarda sau ɗaya, kuma abin da ta jawo bai taɓa fitowa daga bakina ba, har ga mahaifiyarku sai bayan mun daɗe da aure. Kun taso kuna jin ana cewa kakanku Ba Modu, da idonsa ya lalace, ya cakuɗa irin shukar mutane da aka ba shi ajiya. A gidanmu ma haka ake faɗa, da tausayi, a ce tsufa ne. Ba haka aka yi ba. Ina so ku karanta yadda aka yi tun ina da ran da za ku dube ni.

Kakanku ya zo Mubi daga Borno yana saurayi, da kanwa da manda da bandar kifi. Shagonsa ɗaki biyu ne, na gaba na ciniki, na baya kuma kullum a rufe. Yawancin masu saye a wurinsa manoma ne daga ƙauyukan gindin duwatsun kudu, 'yan ƙabilar Gude, Kirista da Musulmi, sai wasu daga wajen Kolere. Yadda na ji labarin, kuma ban tabbatar da kowane ɓangare nasa ba, wata shekara gobara ta cinye rumbun wani manomi ƙurmus. Ashe kakanku ya sayi ɗan buhun dawa a hannunsa da kaka bai sayar ba tukuna. Da ya ji labari, sai ya aika masa da shi ya ce ya shuka. Shekarar da ta biyo mutumin ya zo da ƙaramar tukunya cike da zaɓaɓɓen iri, ya ce a ajiye masa a gari. Daga nan abin ya bazu. Dalilinsu mai sauƙi ne. Irin da ke cikin gida wuta tana iya ci, ɗan'uwa yana iya roƙa, kuma idan abinci ya ƙare da bazara yara suna kuka, uwa ba za ta zauna tana kallonsa ba. Wanda ke gari kuwa sai an yi tafiyar rabin yini kafin a kai gare shi. Don haka kowace kaka sai su kawo sabo, a gauraya shi da toka saboda ƙwari, a rufe bakin tukunyar a shafe da laka, su karɓi na bara su kai gida su ci. Ba a biyan ko kwabo. Kuma ba a rubuta sunan kowa. Mai tukunya zai yago ɗan tsumma daga zanensa ko rigarsa ya ɗaura a wuyanta, shi ke nan. Kakanku ya san kowane tsumma da mai shi, da ƙauyensa, da irin ƙasar gonarsa.

Ni kuwa na taso ina ganin ɗakin a matsayin wurin da ake hana mu shiga, mai ƙurar toka da warin laka. Ban taɓa tambaya ba, shi ma bai taɓa zaunar da ni ya yi bayani ba. Ba ina ɗora masa laifi ba ne. Ina faɗin yadda muke ne kawai.

Na dawo daga jami'a da digiri a harkar kasuwanci, na yi shekara biyu ina neman aikin gwamnati ban samu ba. Ni mutum ne mai tsoron a ce ya gaza, kuma zaman shago ina auna kanwa da mudu yana ci mini rai, musamman idan abokan karatuna suka wuce a mota suka ɗaga mini hannu. Sai na zauna na rubuta tsari, shafi goma sha huɗu, na kai aka buga mini da keken rubutu, na sa a fayil mai launin shuɗi. A shafin farko na rubuta manufa: samar wa manoman yankin Mubi ingantaccen iri da takin zamani da maganin feshi. A ƙasa na rubuta hangen nesa: cikin shekara goma mu zama dila mafi girma a wannan yanki, da rassa uku. Har yau idan na tuna jimlolin ba na ganin wata ƙarya a cikinsu. Abin da ban yi ba shi ne tambayar ko shagon yana da wata manufa tun kafin in zo da tawa. Ko kuwa in ce na tambaya, amma ta hanyar da ba za a iya amsa mini ba.

Bayan la'asar ne, a tsakar gida. Kakanku yana kan buzu, kakarku Ya Falmata tana tsince shinkafa a faifai. Na karanta musu takardar ina fassarawa. Da na gama sai na ce:

"Baba, kai a wurinka, mene ne manufar shagon nan?"

"Manufa kamar yaya?"

"Wato dalilin da ya sa aka buɗe shi. Abin da ake so a cim ma."

"A buɗe da safe, a rufe da magariba. Kowa ya ci abinci."

Ya Falmata ta yi dariya har ta ajiye faifan. "Shekara huɗu muna aika maka garin ɗanwake da kuɗin mota, ashe tambaya ka je koyowa. Bukar, ka tambayi tukunya manufarta mana."

"Ya, ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Ubanka ya ciyar da mutum goma sha ɗaya ba fayil."

Kakanku bai yi dariya ba. Ya karɓi fayil ɗin ya juya shi, ya kawo shi kusa da fuskarsa, don a lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya ce takardar tana da kyau, tana da tsabta. Sannan ya tambaye ni inda zan zuba duk wannan kaya da na lissafa. Na ce wani kamfanin iri ya yarda ya ba ni wakilci, amma sai wakilinsu ya zo ya ga sito mai daɓen siminti da kanta.

"To su tukwane fa?"

Na ce, "Za a duba, Baba. Ba lallai a taɓa su ba. Wataƙila a ɗan matsa su gefe."

Ya ce to. Wannan ita ce duk maganar da muka yi a kan tukwane, kuma ni na san a lokacin cewa ɗakin ba zai ɗauki kanta da tukwane sittin da wani abu a tare ba. Na riga na auna shi da igiya.

Da sanyi ya wuce, aka sami likitan da zai yi masa aikin ido a Maiduguri. Ya tafi wurin ƙaninsa, aka ce zai yi kamar mako shida. Ya bar mini mabuɗai biyu. Kwana tara da tafiyarsa saƙo ya zo cewa wakilin kamfani zai iso ƙarshen wata. Na yi kwanaki ina shiga ɗakin bayan ina fitowa. Zubar da tukwanen bai taɓa zuwa raina ba, Allah ne shaida. Abin da na gani shi ne wasu sun tsage, laka tana zuba, ga kashin ɓera a lungu, sai na gaya wa kaina cewa kayan mutane suna cikin haɗari, kuma gyara su shi ne riƙon amana. Akwai wani direba da yake bin hanyar garin Uba zuwa Maiduguri, na ba shi saƙon baki ya kai wa kakanku. Na ce ya ce masa ina so in gyara ɗakin baya. Iyakar abin da na ce ke nan. Bayan kwana uku ya dawo ya ce Ba Modu ya ce gyara abu ne mai kyau, Allah ya yi albarka. Na riƙe wannan amsa a matsayin izini. Na daɗe ina tambayar kaina ko na san na rage maganar da gangan. Ina jin na sani. Ina jin na zaɓi kalmar da ba za a ce mini a'a a kanta ba.

Ya Falmata ta gan ni da bokitan roba sababbi goma sha ɗaya a kan kura, masu murfi. Ta tsaya a bakin ƙofa da buta a hannu.

"Waɗannan na mene ne?"

"Na iri ne, Ya. Roba ta fi laka. Ɓera ba ya shiga."

"Ka jira ubanka."

"Na aika masa, ya yarda."

Ta dube ni ta ce, "Me ka aika masa?" Na ce ina sauri, za mu yi magana in na dawo.

Kwana biyar na yi ina aikin, ni kaɗai, ƙofa a rufe. Ina so ku san irin kulawar da na yi, ba don ta wanke ni ba, sai don ku ga cewa kulawa ba ta hana ɓarna. Kowace tukunya na fasa lakar a hankali, na tankaɗe tokar da rariya, na tsince ɗan dutse da karan da ya shiga. Na auna abin da ke ciki, don kada wani ya karɓi ƙasa da abin da ya kawo. Sannan na yi abin da aka koya mini a aji, na rarraba kaya bisa nau'insu. Farar dawa duka a bokiti ɗaya. Jar dawa, wadda ta fi yawa, a bokiti biyu. Kaura, gero, maiwa, farin wake, jan wake, gyaɗa, riɗi, gurjiya, kowanne da nasa. Na yanka kwali na rubuta lebul da babban baƙi na manna. A tunanina jar dawa jar dawa ce, kamar yadda gishiri gishiri ne. Wanda ya kawo mudu biyu na ja zai karɓi mudu biyu na ja, mai tsabta ma fiye da yadda ya kawo. Tsummokan kuwa na kwance su duka, na wanke da sabulu, na shanya, na ninke na zuba a jaka ɗaya, don kada wani ya ce an yar masa da nasa. Tukwanen na jera su a bayan gida a kife. Aka yi daɓe, kafinta ya kafa kanta, wakilin kamfani ya zo ya duba ya ce bai ga sito mai tsari kamar wannan ba a duk zagayensa. Ranar na ci abinci da daɗi.

Kakanku ya dawo da baƙin tabarau, ido ɗaya ya ɗan buɗe, ɗayan bai yi ba. Washegari da hantsi ya ce in kai shi shago. Na buɗe masa ɗakin bayan ina jiran yabo. Ya tsaya a bakin ƙofa ya shaƙi iska. Ya taka a hankali, sandarsa tana ƙara a kan siminti. Ya miƙa hannu inda tukwanen suke a da, hannun ya sauka a kan roba.

"Ina na Rahila?"

Mama Rahila gwauruwa ce daga wani ƙauye a saman dutse, mai 'ya'ya biyar, tana zuwa duk ranar kasuwa ta sayi kanwa. Na ce ban san wanne ne nata ba, amma idan ja ce tana cikin waɗannan biyun. Na buɗe masa murfi. Ya tura hannu har wuyan hannu, ya ɗebo, ya murza tsakanin yatsu. Ya kai hanci. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya tauna, ya ɗauki wata ya tauna. Ya daɗe a haka.

"Gida biyar ne a hannuna," in ji shi. "Wannan ta fadama ce, wata biyar take yi. Wannan ta dutse ce, kwana tamanin. Wannan doguwa ce, ta mutanen bakin kogi."

Na fara bayani a kan nau'i da ma'auni. Bai katse ni ba. Ya mayar da dawar cikin bokitin, ya kakkaɓe tafinsa a hankali don kada ƙwaya ta faɗi ƙasa, ya nemi wuri ya zauna a kan buhun taki.

"Wa ya taya ka?"

"Ni kaɗai, Baba."

"Kwana nawa?"

"Biyar."

"Ka sha wahala," ya ce.

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ce gobe za mu hau mota mu bi ƙauyukan mu gaya wa kowa, don kowa ya riƙe irin gidansa da kyau, ya san babu na biyu a gari. A nan na yi kuskure na biyu, wanda a ganina ya fi na farko, domin wannan karon na san abin da nake yi. Na ce masa jikinsa bai yi ƙwarin hawa dutse ba, likita ya hana shi shiga ƙura. Na ce yawancin shekaru ba wanda yake buɗe tukunyarsa kafin kaka. Wataƙila damina ta yi kyau, kowa ya kawo sabon iri, sai mu yi musu bayani a tsanake lokacin da abin ba zai cutar da kowa ba. Na ce idan labari ya bazu yanzu, sabon kasuwancin zai mutu tun bai tashi ba. Duk abin da na faɗa yana da kamar gaskiya. Ya saurare ni, ya juya fuskarsa wajen bango. Ba mu je ba.

Ruwa ya sauka da wuri a shekarar, mai yawa, sau uku a jere. Kowa ya fita ya shuka. Tsiro ya fito kore shar, har an fara noman farko, sai sama ta ɗauke. Kullum da safe ina fita ƙofar shago in duba gabas. Mako ɗaya, biyu, uku, har aka shiga na huɗu. Masallatai suka fita roƙon ruwa, coci-coci ma suka yi nasu. Shukar da ke kan dutse, inda ƙasa ba ta da zurfi, ita ta fara ƙonewa. Da ruwan ya dawo, damina ta riga ta yi nisa, ba abin da zai kai kaka sai iri mai saurin nuna. Ranar kasuwar da ta biyo, kafin mu gama buɗe shago, mutum kusan ashirin suna tsaye a ƙofa, kowa da ƙwarya ko ɗan buhu.

Mama Rahila ce a gaba. Tun asuba ta taso, ƙafafunta duk jar laka.

"Ba Modu, sannu da jiki. Ido ya buɗe?"

"Ɗaya ya buɗe, Rahila."

"Ɗaya ma ya isa ganin tukunya na. Kawo mini, ina so in koma kafin rana ya yi zafi. Ƙasa yana da ruwa yau, gobe ban sani ba."

Ina tsaye a bayan kanta. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma ina neman kalmar da zan fara da ita, wadda za ta yi bayani ba tare da ta yi muni sosai ba. Kafin in samo ta, kakanku ya dafa sandarsa ya miƙe, ya cire tabarau ɗin don kowa ya ga idon.

"Jama'a, ku yi haƙuri da ni. Kafin in tafi asibiti na ce bari in sake wa iri wuri. Idona ba ya gani, na haɗa na kowa da na kowa. Laifina ne. Ku yafe mini."

Wani dattijo ya yi salati. Wani saurayi daga baya ya ce shekara nawa ana gaya wa mutane su daina ba tsoho ajiya. Mama Rahila ta dubi kakanku, ta dubi sababbin kantoci ta ƙofar da ke buɗe, ta dube ni. Na sunkuyar da kai ina gyara ma'auni. Abin da na iya yi shi ne na ɗauko fakitin ingantaccen iri na kamfani na ce ta karɓa kyauta.

"Wannan yana son taki, ɗana. Dutse na bai san taki ba."

Dawarta ja ce gajera, daga hannun uwar mijinta ta karɓe ta, ita ma daga tata surukar. Gida biyu ne kawai suka rage da ita a ƙauyen, kuma dukansu sun shuka abin da suke da shi a ruwan farko. Wanda ke cikin tukunyar shi ne na ƙarshe. Ta miƙa ƙwaryarta, na auna mata mudu biyu daga bokitin ja, daidai abin da ta kawo. Ta ce useko, wato ta gode, ta ɗora a kai ta tafi.

Na je gonarta da kaka, ban gaya wa kowa ba. Ban taɓa ganin gona irinta ba. Wani kara ya kai ƙugu, wani ya fi tsayin mutum. 'Yan gajerun sun nuna da wuri, ɗaya nan ɗaya can, tsuntsaye suka taru a kansu suka cinye. Dogayen kuwa suna fid da kai ke nan ruwa ya ɗauke, zangarniyar ta bushe ba ƙwaya. Gonar da take ba ta dami talatin ta ba ta bakwai, idan ban manta ba. Ta sayar da awakinta. Kafin azumin shekarar ya zo na gan ta a layin masu awo tana sayen dawa da kwano, manomiya. Na kauce ta bayan rumfuna. Sauran gidajen ma sun sha wahala, wasu kusan haka, amma yawancinsu sun sami irin ƙauyensu a hannun maƙwabta daga baya. Ita ce ba ta samu ba.

Kakar nan tukunya huɗu aka kawo, ta gaba ba ko ɗaya. Bencin ƙofar shago, inda manoma suke zama su sha ruwa su yi ta musu da kakanku a kan damina, ya zama wurin ajiye jarkokin feshi. Kakanku yana zuwa ya zauna a kan kujera daga safe zuwa azahar, mutane su gaishe shi da muryar da ake gaida mara lafiya, su wuce wurina su yi ciniki. Sau biyu na ce masa zan faɗi gaskiya. Na farko ya ce, "Ni na gama cin kasuwa, kai yanzu ka fara. Wa zai sayi iri a hannun wanda ya haɗa iri?" Na biyu sai ya ce in miƙo masa buta. Ni kuma, in faɗi gaskiya, na ji sauƙi da ya hana ni. Ya Falmata ta sani, ba ta taɓa faɗa a waje ba, amma ta yi kusan shekara ba ta zuba mini abinci da hannunta. Bayan shekara biyu ya rasu. A wurin zaman makoki na ji wani yana cewa Ba Modu mutumin kirki ne, sai dai ƙarshensa hankali ya ɗan gushe. Ina zaune kusa da shi ina karɓar gaisuwa.

Takardata kuwa ta cika. Ba a shekara goma ba, a sha uku, amma ta cika: ga reshen kasuwa, ga na Lokuwa, ga na Uba. Da kuɗin aka yi muku makaranta. Ba na cewa kasuwancin haram ne, ko manoma ba su amfana ba, sun amfana. Abin da nake cewa, kuma wataƙila ban iya faɗarsa daidai ba, shi ne shagon yana da manufa shekara talatin kafin in rubuta tawa, manufar kuwa ita ce kada wani gida da ya san Ba Modu ya wayi gari ƙasa a jiƙe ba abin shukawa. Bai iya faɗarta da baki ba, ni kuma na ɗauka abin da ba a faɗa ba babu shi. Idan za ku rubuta taku, ku rubuta, ba na hana ku. Amma kafin nan ku zauna a shago damina ɗaya cur, ku ga abin da mutane suke zuwa nema wanda ba ya kan kanta, ku tambayi ma'aikatanmu abin da suke yi wanda ba wanda ya sa su. Kuma daga yau, duk wanda ya ce kakanku ya cakuɗa iri, ku ce masa Bukar ne.

Bayan rasuwarsa na yi ƙoƙarin dawo da dawar Mama Rahila. Na rage ɗan abin da ya saura a bokitin, na karɓi aron wata 'yar gona mai tsakuwa a bayan gari. Kowace shekara ina shukawa, in bi layi ina ɗaura zare a kan gajerun da suka riga nuna, in rufe kansu da tsohon gidan sauro saboda tsuntsu, in ware su in sake shukawa. Wani malamin gona ya gaya mini dawa tana ɗaukar barbara daga maƙwabciyarta ta iska, don haka abin da ya gauraya a gona ɗaya da wuya ya koma yadda yake. Na ji shi, na ci gaba. A damina ta huɗu gonar ta fito kai ɗaya, gajera, ja, ta nuna a kwana tamanin da 'yan kai. Na zaɓi zangarniya goma mafi kyau na naɗe a sabon zane, na hau mota zuwa inda hanya ta ƙare, na hau dutsen da ƙafa.

Na same ta a gindin tsamiya tana ɓarar gyaɗa. Ta tsufa fiye da shekarun. Ta sa aka kawo mini ruwa da kujera 'yar tsugune, ta tambayi Ya Falmata da yara. Na kwance zanen a gabanta, na gaya mata abin da na yi shekara huɗu ina yi. Sannan na ce akwai wata magana a kan ranar nan ta kasuwa, wadda ya kamata in faɗa tun tuni.

"Bar shi," ta ce. "Na sani. Ba Modu ko a cikin duhu aka ba shi dawa na zai gane. Shekara ashirin yana taɓa shi."

"Me ya sa ba ki faɗa ba, Mama?"

"Uba ya rufe ɗansa da riga, ni zan zo in ɗaga? Ni ma ina da yara."

Ta ɗauki zangarniya ɗaya ta auna nauyinta a tafi. Ta murza, ta hure ƙaiƙayin, ta duba ƙwayar a hasken rana. Ta jefa biyu a baki ta tauna a hankali da haƙoran gefe, idonta a kan dutsen da ke gabanmu. Ta haɗiye. Ta mayar da zangarniyar cikin sauran, ta ja bakin zanen ta rufe su, ta ɗaure da kyau.

"Dawa mai kyau ne, ɗana. Ka yi ƙoƙari. Wanda ya shuka zai ci."

Na jira ko za ta ƙara wani abu. Ta turo mini ƙullin zuwa gaban ƙafata, ta jawo kwanon gyaɗarta, ta ce in tashi in kama hanya tun rana ba ta faɗi ba, dutsen yana da santsi wajen sauka.